Kwaɓin Burodi a Ajin Lissafi

A duk makarantar koyon sana'ar nan ta bakin garin Lafiya, babu abin da ke shan gata kamar jadawalin darussa. Tagogin azuzuwa sun farfashe, ƙofar ɗakin malamai sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu, amma jadawali yana nan a bango cikin gilashi, fes da shi. Malam Sharhabilu, mataimakin shugaban makaranta kuma malamin lissafi, shi ya zana abinsa da rula da biro kala uku. Kullum in ya iso daga Shabu ya kafe mashin, kafin ya gaisa da kowa sai ya zaro hankici ya share gilashin nan tukuna.

A yi masa adalci, ya sha wuya. Farkon shekara aka turo sabuwar manhaja, an ƙaro darussa uku, ba a ƙara wa wunin ko minti ɗaya ba. Bawan Allahn nan ya yi mako biyu yana yayyanka lokaci kamar mai tsire, har kowane malami ya sami rabonsa, minti arba'in-arba'in, babu mai karo da wani.

A cikin yankan nan ne wuƙa ta bi ta kan Madam Erdoo.

Shekararta goma sha ɗaya tana koyar da girke-girke, kuma tun zuwanta safiyar Laraba tata ce ita da 'yan ajin ƙarshe, daga ƙarfe takwas har sha biyu. A nan ake yin burodi tun daga awon fulawa har fitowarsa daga tanderu. Yanzu an farfasa mata safiyar gida shida: ɗaya Litinin, biyu Talata amma ɗaya da sassafe ɗaya dab da tashi, sai Laraba, Alhamis, Juma'a. Ga shi saura mako huɗu mai jarrabawa ta zo, ta tsayar da 'yan matanta goma sha huɗu a gaban tebur, ta ba kowacce awa uku ta fitar da burodi. Cikinsu kuwa babu wadda ta taɓa ganin burodin hannunta ya shiga wuta. Abin nan yana cin ran Madam Erdoo.

Ba wai ba ta yi dabara ba. Ta sa sun kwaɓa ran Litinin don su gasa ran Talata. Firijin sashen kuwa ya fi shekara da zama kabad ɗin ajiye cokula, aka wayi gari kwaɓin yana warin burukutu. Ta kwaɓo da kanta daga gida a Akurba, ta rungumo roba a bayan ɗan acaɓa, cunkoso ya riƙe su, kwaɓin ya taso ya manne wa mutumin a riga. Bai daina mita ba har ƙofar makaranta. Da ɗan abin da ya rage yaran suka fara mulmulawa, kafin su jera a gwangwani an buga ƙararrawa. Ta ce su tsaya bayan an tashi, iyaye suka yi caa, wannan 'yarsa za ta kai abinci gona, wancan tasa ke tsaron shago. Ƙarshenta dai kullum ita ke ƙarasa gashin ita kaɗai, washegari yara su zo su tarar da burodi kamar daga sama ya faɗo.

Ran nan ta sami Malam Sharhabilu a ofis yana feƙe fensir.

"Oga, na sake dawowa."

"Madam, sannu da zuwa. Zauna. In dai maganar nan ce, bari mu ƙirga tare." Ya jawo manhaja, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin da ya riga ya naɗe kusurwarsa. "Darasi nawa aka ce a ba ki a mako?"

"Shida."

"Nawa na ba ki?"

"Shida."

"To, alhamdulillahi." Ya rufe littafin yana murmushi.

"Haba Oga! In na ba ka shinkafa mudu ɗaya, na ce kullum ka tauna cokali guda ɗanye, ka ci abinci ke nan? Burodi awa uku yake so a jere. Yis ba ya jin ƙararrawa."

"Manhaja kuma ba ta san yis ba, Madam. Lamba ta sani. Kin ga Mista Iorwuese na sashen gini? Shi ma ya zo da kukan siminti na bushe masa. Yanzu ya haƙura, ga shi can lafiya lau."

"A allo yake gina katanga da alli!"

"Amma ba ta taɓa rushewa ba," in ji Malam Sharhabilu, ko a jikinsa. Har ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Af, Madam, wai ina ɗan burodin nan da ake kawo mana ɗakin malamai ran Laraba? Kwana biyu shiru. Mai ɗan gishirin garin Awe ɗin nan."

Ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta fice, don abin da ke bakinta ba na ofis ba ne.

A hanyar fita ta tsaya gaban gilashin, tana huci. Ba ta taɓa karanta layin kowa ba sai nata. Yau kam ta bi da yatsa, sai ga abin mamaki. Duk faɗin jadawalin nan wuri ɗaya ne tak aka haɗa darasi biyu a jere: ran Laraba, lissafi, ajin 'yan matanta, da jan biro, daga an tashi daga nata darasin. Wato mutumin da ya yayyanka kowa, nasa naman ya bar shi da kauri! Ta yi dariyar da ta sa masinja leƙowa. Kuma abin daɗin, Rahmat, 'yar Malam Sharhabilu ta biyu, tana cikin sha huɗun nan, ita ce ma ta fi kowa iya murza kwaɓi.

Laraba ta zo. Madam Erdoo ta sa kowace yarinya ta auna nata, ta murza a robarta, ta rufe da farin ƙyalle. Ana buga ƙararrawa suka fara ture robobin gefe yadda suka saba.

"A'a," in ji ta. "Yau kowacce ta ɗauki kayanta. Dokar makaranta ta ce ɗalibi ba ya barin aikinsa a ajin wani. Ku wuce lissafi, kada ku makara. Malam ba ya son latti."

Haka suka jero a baranda, sha huɗu, kowacce da roba a ka kamar masu kai gara. Ita kuma ta hura gawayi a tanderu, ta zagaya bayan ajin lissafi ta tsaya gindin mangwaro, inda taga marar gilashi ke nuna mata komai.

Malam Sharhabilu ya shigo da alli, ya ga robobi a kan tebura, ya ja tunga.

"Mene ne wannan?"

"Aikinmu ne, Malam. Madam ta ce doka ta hana a bar shi."

Shi ya rubuta dokar. Sai ya gyara hula ya ce a buɗe shafi na tamanin.

Minti ashirin na farko lafiya ƙalau. Amma wanda ya san ajin nan ya san rufin kwano ne ba silin, kuma ranar garin Lafiya ba ta jiran azahar kafin ta fara aiki. Sannu a hankali ƙyallayen suka soma ɗagowa. Ya juya yana rubutu, ya juyo, ya ga kamar robobin sun ƙara tsawo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ƙamshin yis ya cika ɗakin. Ya tambayi Doris amsar lamba ta uku, Doris ta ce, "Malam, nawa yana motsi." Ajin ya fashe da dariya, ya buga tebur, aka yi tsit, amma babu ido ko ɗaya a kan allo.

Aka buga ƙararrawar darasi na biyu, ya ci gaba, don shi ba mutumin da fulawa za ta kora daga aji ba ne. Madam Erdoo na gindin mangwaro tana duba agogo, dariya na cinta. Ta san lokacin ya yi, har ya soma wucewa. Ƙafarta na ƙaiƙayin ta shiga, ta daure.

Na Rahmat ne ya fara tsallake baki, don ita ta fi murza shi da kyau. Ya ture ƙyallen, ya gangaro gefen roba a natse, ya sauka kan littafin lissafinta ya kwanta a shafi na tamanin. Na Batulu ya biyo baya.

"Subhanallahi! Ku yi wani abu mana!" in ji Malam Sharhabilu, yana ja da baya da rigarsa. "Kun zuba masa ido! Ya isa haka ne, ko da saura?"

Yaran suka dubi juna.

"Ba ku nake tambaya ba? 'Yan ajin ƙarshe! Rahmat, tashi. Ya isa ko bai isa ba?"

Rahmat ta miƙe, hannunta duk fulawa. A makaranta ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam, amma yau bakinta ya kuɓuce.

"Baba, ban sani ba." Ta dubi robarta. "A littafi an ce in ya ninka biyu. Amma ba mu taɓa ganin yana tashi ba. Kullum muna rufe shi ake buga ƙararrawa."

Dariyar da ke cin Madam Erdoo ta tsaya cak. Ita ta shirya abin, amma ba ta zaci zai yi mata zafi haka ba, sai da ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta taga ta ga Malam Sharhabilu ya tsaya da alli a hannu, yana duban 'yarsa, yana duban kwaɓin da ke bin tebur.

"Saura mako nawa jarrabawar?" ya tambaya a hankali.

"Uku da kwana biyar," in ji Rahmat.

Ya ajiye allin. Ya naɗe hannun riga, ya tattaro kwaɓin 'yarsa daga kan littafi ya mayar cikin roba, ya ɗauki robar da kansa. Ko juyowa wajen tagar bai yi ba ya ɗaga murya: "Madam, na san kina gindin mangwaron nan tun ɗazu, inuwarki har cikin ajina. Wutar ta kama?"

"Tun tuni, Oga."

"To, mu je."

A ranar, malamai suka sha kallo: mataimakin shugaba a gaba da roba, 'yan mata sha uku a baya da nasu, Rahmat na biye hannu sake. A ɗakin girki Madam Erdoo ta sa kowacce ta tsoma yatsa a kwaɓinta. "Kun ga ramin bai ciko ba, har gefensa na zubewa? Ya wuce. Da ya ciko a hankali rabi, shi ne daidai. Ku taɓa, ku shinshina, ku riƙe wannan a ranku." Suka danne iskar, suka yanka, suka mulmula, suka jera a gwangwani. Lokacin hutun tara ya zo ya same su suna tsugune suna kallon tashi na biyu, babu wadda ta nemi fita sayen ƙosai.

Gwangwanayen na shiga tanderu aka buga ƙararrawar komawa aji. Kai sha huɗu suka juyo wajen Malam. Jikinsu har ya saba, wasu sun fara kwance ƙyallen gaba.

Malam Sharhabilu ya sa ɗan yatsa a kunne ya sosa. "Me kuke kallona? Ni ban ji komai ba."

Bayan rabin awa Rahmat ta naɗe hannu da tsumma ta jawo gwangwaninta. Burodin ya ɗan zauna a tsakiya, gefe guda ya fi duhu, ba dai na kai wa mai jarrabawa ba ne. Amma ta tsaya tana kallonsa kamar an miƙo mata jariri. Ta juye shi a faranti ta kai wa babanta.

Ya gutsura da zafinsa, ya tauna, ya ɗan yamutsa fuska.

"Madam, da ɗan tsami."

"Minti ashirin ɗin da ya ƙara a ajinka ne, Oga. Tsamin lissafi ne."

Ya sake gutsura, ya sake, har ya cinye rabi a tsaye. Sannan ya karkaɗe hannu, ya fita, suka bi shi da ido ta ƙofa. Ya je ya sauke firam ɗin jadawalin daga bango, ya zare gilashin da bai taɓa barin ƙuda ya sauka a kai ba, ya dawo da takardar ya shimfiɗa ta a kan teburin murza kwaɓi, cikin fulawa da maiƙon bota.

"Awa nawa kika ce yana so?"

"Uku. A jere."

Ya zaro jan biro daga aljihu. Sunansa a layin Laraba ya fara sokewa.