Sunan da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Wata uku ke nan da ƙona gawar mijinta bisa al'adarsu ta Hindu, Sornam ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tana dafa shinkafa, ta ci, ta wanke kwano. In an yi mata magana sai ta gyaɗa kai. Gobe 'yarta Valarmathi za ta koma bakin aiki a Chennai, ta kuwa rantse ba za ta tafi ta bar uwarta a haka ba. Shi ya sa da hantsi ta kamo hannunta zuwa tsohon haikalin abin bautarsu Shiva da ke bakin kogi.

Suka tuɓe takalma. Dutsen bakin ƙofa ya lotsa a tsakiya, aikin ƙafafun mutane na shekara dubu. Sornam ta taka shi, ba ta ji komai ba. Suka bi ta gefen bangon da aka sassaƙa sunayen waɗanda suka ba da man fitila tun zamanin sarakunan da, rubutun da yanzu sai masana ke iya karantawa.

Tsohon da ke yi wa mutane addu'a ya miƙo faranti. Valarmathi ta ɗora kwakwa da ayaba da fure.

"Suna da tauraron haihuwa," in ji shi.

Sornam ta dubi 'yarta. Shekara talatin da takwas mijinta ne ke faɗa, ita tana bayansa tana kallon fitila.

"Inna, faɗa mana, ana jira."

"Ban san taurarona ba."

"Haba Inna! Kin san ranar da saniyar maƙwabta ta haihu, amma taki ranar ta ɓace miki?"

Tsohon ya ƙura mata ido. "Sornam, tauraron Rohini. Valarmathi, tauraron Hastam. Ba ke ce matar telan nan mai karyayyar laima ba? Duk shekara sunaye biyun nan yake ba ni. In na ce, kai fa? Sai ya ce, Baba, layi ya yi tsawo, yi sauri. Har yau ban san sunansa ba."

Matan tsarar Sornam ba sa kiran sunan miji. Ita ma ba ta taɓa ba, ko a ɗaki ita kaɗai. Valarmathi ta buɗe baki za ta faɗa, uwar ta damƙe mata hannu.

"Wannan addu'ar ta masu rai ce, 'yata," in ji tsohon a hankali.

"Na sani, Baba. Ka dai ji shi." Sornam ta matso kusa da shi. "Thangavelu."

Sunan ya fito a dishe. Tsohon ya maimaita shi sau ɗaya, ya juya ya fasa kwakwar.

Ba ta yi kuka ba. Amma da suka zo fita, sai ta tsaya a kan lotsattsen dutsen, ta dubi ƙafafunta.

"Ashe dutsen nan da sanyi," ta ce. "Jirgin naki ƙarfe nawa ne? Ai sai in daka miki yaji ki tafi da shi."