Kuloli Biyu na Iya Rasaki

Iya Rasaki ta gaji da cin abinci, amma ba ta da wanda za ta faɗa wa. 'Ya'yanta biyu ne a garin Ede: Rasaki, ladanin masallacin unguwa, da ƙanensa Bamidele, wanda ya koma coci tun yana saurayi. Sun daɗe da daina gaisawa, sai faɗan ya koma cikin kular abinci.

Kullum matar kowanne sai ta aiko wa tsohuwa abinci, kuma kowa yana leƙa kularsa in ta dawo. Ran da ta bar rabin sakwarar Bamidele, sai ga shi da yamma.

"Iya, abincin Kirista ne ba ya wuce miki wuya, ko?"

Ran da ta rage amalar Rasaki, cewa ya yi, "To, ke ma sun fara janye ki ke nan."

Sai ta riƙa cinye duka biyun. Naman Babbar Sallah, shinkafar Kirsimeti, buɗe-bakin azumi, bikin godiyar coci, babu wanda ya wuce ta. Maƙwabta masu addini ɗaya a gida suna hutawa tsakanin biki da biki, ita kuwa ko hutun rana ɗaya ba ta samu. Jiki ya yi mata yawa, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, ga ciwon suga. Ta gwada zuba wa awaki a ɓoye, matar Rasaki ta hango miyar agushi a gemun bunsuru, maganar ta kai har ƙofar masallaci.

"Mama, in ba ki rage ci ba, ƙafar nan ba za ta kai baɗi ba," in ji likita.

"Ɗana, wanne zan mayar wa da kularsa a cike?"

Bai gane ba, ya rubuta magani.

Kafin damina aka yanke mata yatsu biyu a ƙafa. A gadon asibiti ta rame kaɗan, ta yi barci da ciki sakayau, har ta ji kunyar daɗin da take ji. Ranar ziyara sai ga 'ya'yan sun shigo, kowa rungume da kularsa, suka tsaya gefe da gefe na gadon. Rasaki ya ƙura mata ido, sannan ya dubi ƙanensa.

"Bamidele, ka ga yadda Iya ta rame?"

"Na gani, Yaya. Mutanen nan yunwa za su kashe ta da ita."

Ta manta rabon da ta ji kalmar Yaya a bakin Bamidele. Ta dubi ƙafarta da ke naɗe, ta dubi kulolin. Tsoro ya kama ta.

"Ku buɗe duka biyun," ta ce. "Wani ya miƙo mini ruwan wanke hannu."