Darasin Gaisuwa Bayan La'asar

"A'a, Gudrun, sake," in ji Bashira da Turanci, ido ɗaya a kan kwamfuta, ɗaya a kan wayar da ta ajiye a bakin tabarma.

Gudrun Bajamushiya ce, ma'aikaciyar jinya da za ta koma aiki Ingila, kuma Bashira ke koya mata Turanci ta intanet daga ɗakinta a Kontagora. Nahawun matar ba shi da makusa. Matsalarta gaskiya ce ta yi mata yawa. Ka ce mata "yaya kike", sai ta zauna ta zayyano maka ciwon bayanta, da rashin barcinta, da rigimar maƙwabcinta, kai ka ce likita ta samu.

"Idan Baturen Ingila ya tambaye ki yaya kike, ba labari yake nema ba," in ji Bashira. "Ki ce lafiya lau, ki tambaye shi shi ma, ki wuce. Mu ma nan haka muke yi."

"Ko da ba lafiya ba?"

"Musamman ma in ba lafiya ba."

Wayar ba ta motsa ba. Tun asuba mijinta Abdulmalik ya tafi Kasuwan Garba sayen masara, kuma da azahar aka fara raɗe-raɗin 'yan bindiga sun tare hanya. Ta kira shi har ta gaji, a kashe. Ga la'asar ta wuce. Duk da haka ba ta soke darasin ba, don in ta zauna haka kawai haukacewa za ta yi.

Gwaggo, uwar mijin, ta ɗaga labule, carbi a hannu. "Bashira, har yanzu shiru?"

"Shiru, Gwaggo. Wataƙila caji ne ya ƙare."

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta, sannan ta saki labulen.

"To, bari in gwada," in ji Gudrun. Ta gyara zama, ta yi murmushin da aka koya mata. "Yaya kike, Bashira?"

"Lafiya lau. Ke fa?"

"Lafiya lau." Gudrun ta yi dariya, sai kuma ta matso da fuskarta kusa da kyamara. "Na iya ko? Amma yanzu irin tambayarmu ta Jamus nake miki. Idonki na kan waya tun da muka fara. Yaya kike?"

Bashira ta buɗe baki za ta amsa. Sai wayar ta ɗauki ƙara. Sunan Abdulmalik ne a jiki.

Ta fizge ta har ta kusa kifar da kwamfutar. "Baban Hadiyya! Kana ina? Yaya kake?"

Ta kasa kunne. Babu ƙarar mota, babu hayaniyar kasuwa, sai iska da kukan wata saniya can nesa.

"Lafiya lau," in ji shi, a hankali, sumul, kamar mai biya karatu. "Ke fa? Ya Gwaggo?"

Abdulmalik ne fa, wanda ko faci tayarsa ta yi sai ya cika mata kunne da mita kafin ya yi sallama. Ta ɗaga kai. Gwaggo ta riga ta shigo, tana tsaye a kanta.

"Me ya ce? Bashira, me ya ce?"

A cikin wayar, wata baƙuwar murya ta ce, "Ya isa, kawo nan."

Bashira ta dubi tsohuwar, ta danne wayar a kunne da hannu biyu.

"Ya ce lafiya lau, Gwaggo."