Burtalin da Ya Ɓace a Taswirar Giwa Tazo

Shamsuddeen yaron kirki ne, ba don uwarsa ƙawata ce nake faɗa ba. Aikinsa zana taswira a wata ƙungiya da ke Jega, masu dasa itatuwa inda ruwa ke cin ƙasa. Masu ba su tallafi kuwa ba sa yarda da zancen baki. Sai an riƙe wata 'yar na'ura an zaga kowane fili da ƙafa, tana bin sawun mutum, a sa zanen a kwamfuta a haɗa da rahoto. Duk abin da ya hau taswirar nan, shi za a kewaye da waya a cika da dashe.

To, a Giwa Tazo fili na ƙarshe na Malam Yari ne, mahaifin Salima, matar Shamsuddeen. Kun dai san surukuta. Yaron nan ko ruwa bai taɓa sha a gaban tsohon ba.

"Kawo abin ga in riƙa," in ji Malam Yari. "Ni na san iyakata."

Shamsuddeen ya miƙa masa da hannu biyu, ya bi bayansa kai a sunkuye. Da suka isa jerin aduwar da ta raba gonar da burtali, wato hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa gulbi, tsoho bai juya ba. Ya tsallake burtalin ɗungum, ya zago ta wancan gefen.

"Baba..." in ji Shamsuddeen.

"Mi ne ne?"

"Rana ta yi zafi. Ko a ɗan huta?"

Iyakar abin da bakinsa ya iya ke nan. A ofis ma yakan zauna yana kallon layin nan, kullum ya ce gobe zai gyara, kullum ya tuna tsohon zai ga taswirar.

Kafin a tura rahoto, shugabarsu Hajiya Fadila ta tara jama'a a ajin firamare, aka haska taswira a bango. Kore shar, gwanin kyau. Ardo Gambo, shugaban makiyayan wurin, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da sandarsa.

"Hajiya, ga gulbi na gani, ga rugarmu. Shanun fa, tashi sama za su yi?"

Aka kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi ba.

"Shamsuddeen, wa ya zaga wurin nan?"

Malam Yari na zaune a benci na gaba yana jan carbi. Shamsuddeen ya dubi ƙeyarsa, ya dubi ƙasa.

"Ni ne, Hajiya. Ni na yi kuskure."

Wayyo, ba ku ji faɗa ba. Ta ce da an tura wannan an zuba waya, da damina ta ina shanu za su bi in ba ta gonakin mutane ba? Shi zai raba rigimar? Yaro na tsaye, gumi har cikin takalmi. Abin da ya fi ci masa rai, rabin ajin sun ga wanda ya riƙe na'urar a ranar, kuma kowa ya yi shiru. Carbin tsohon ma ya tsaya.

Washegari aka koma sake zagayen, Hajiya da Ardo da Shamsuddeen. Suka tarar da Malam Yari tsaye a gindin aduwa ta farko. Bai dubi surukinsa ba, Hajiya ya fuskanta.

"Yaron ga bai yi kuskure ba. Nan gonata ta tsaya. Ardo, kai ka riƙa abin, ka zaga."

Hajiya ta juyo za ta yi magana, ta ga Shamsuddeen ya durƙusa yana ta tsintar ƙaya a wandon da ba shi da ko ɗaya. Sai ta yi wa Ardo nuni da ya fara. Ardo ya karɓi na'urar ya bi jerin aduwa, burtali a hagunsa.