Safar ƙafar Addi

Da aka dawo da Addi daga asibiti, an yanke masa rabin tafin ƙafar hagu saboda ciwon suga, yayansa Bassou ya dubi dungun ya ce safa dai ba za ta gagare shi ba. Shekara hamsin yana saƙa a bayan tumaki. A ƙauyensu haka aka gada: mata suna kan masaƙar darduma, maza kuma kowa da tsinken saƙa biyar da dunƙulen ulu a hular jallabiyarsa. Safar kanti don mai yatsu aka yi ta, ga shi ƙanƙara ta fara sauka kan duwatsu.

Dungun ya lanƙwasa kamar dunduniya ta biyu. Kafin saƙa ta bi shi, dole a yi layi a tsaya a tsakiya, a juya a koma, a sake yin wani guntun layin. Duk inda aka juya kuwa huji ne ke fitowa. Bassou ya yi abin da ubansa ya koya masa: ya gama safar, ya sa allura ya ɗinke hujojin, ya ƙulle.

Addi ba ya jin komai a ƙafar. Sai ranar Talata, da ma'aikaciyar jinya ta zo ta tuɓe safar, aka ga jan tabo shida a jere, daidai inda ƙullin yake.

"Baba, wa ya yi wannan safa?"

"Gwanin garinmu," in ji Addi, yana nuna yayansa da haɓa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙulli zai ci fata, huji zai shigo da sanyi, in kuma wurin ya zama gyambo, daga gwiwa za a yanke.

Kwana huɗu Bassou yana zaune a bakin murhu, ya saƙa ya warware. Ya ja zare da ƙarfi, hujin ya ƙanƙance amma bai tafi ba. Ulu har ya fara laushi don wahala. Matarsa Itto tana gefe a masaƙarta, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Kai tsoho, shayinka ya huce."

"Bar shi ya huce."

"Miƙo saƙar in gani."

"Ke da ba ki taɓa riƙe tsinke ba?"

"Allah Ya tsare ni da aikin maza. Ido kawai zan sa."

Ya miƙa mata da hannun hagu. Ta ɗaga saƙar wajen taga, ta zura ɗan yatsa cikin hujin.

"Nan ka juya ba ka yi wa maƙwabci sallama ba," ta ce. "Zo ka gani."

Shekara arba'in masaƙar nan tana ɗakinsa, bai taɓa durƙusawa gabanta ba. Ya durƙusa. Itto ta ja jan zare zuwa tsakiyar darduma, inda zai koma baya. Kafin ta mayar da shi, sai ta zagaya da shi bayan zaren tsaye na gaba, wanda ba ta kai gare shi ba, sannan ta juya.

"In ban rataya shi a wuyan na kusa ba, darduma tsagewa take yi. Naka ma haka ne, ina ji."

Bassou ya koma wurinsa, ya saƙa har inda zai juya, ya zagaya zaren a wuyan idon saƙa na gaba, wato madaukin da ke kan tsinke, ya juya. Huji bai fito ba, amma zaren ya kwanta a gicciye kamar ɗan ƙari. Ya shafa shi da yatsa ya ji tudu. Wannan ma zai ci fata.

"Nan kuma ban sani ba," in ji Itto. "Darduma ba ta damu da tudu ba."

Bassou ya daɗe yana juya abin a hannunsa. Da ya dawo kan layin, sai ya sa bakin tsinke ya ɗago zaren da ya rataya, ya haɗa shi da idon ya saƙa su tare. Ya shafa waje, ya juya ciki ya shafa, har ya goga a kumatunsa. Sumul.

Ranar Asabar ya kai wa Addi safar, ya sa masa da hannunsa.

"Yaya, in wannan ma ta cije ni, kai za ka riƙa goya ni zuwa masallaci."

"Da nauyin surutunka? Jaki ma sai ya durƙushe."

Ranar Talata ta zagayo. Ma'aikaciyar ta tuɓe safar, ta daɗe tana duba fatar. Tsofaffin tabon sun dushe, babu sabo. Ta juya safar ciki waje tana neman ƙulli, ba ta samu ba. Ta ce akwai wani dattijo a ƙauyen gaba mai irin wannan ƙafa, ko Bassou zai yi masa guda biyu?

Da hantsi Addi ya dogara sanda ya taka har gindin bangon da maza ke jin ɗumin rana da saƙarsu. Ya tuɓe safar, ta zagaya hannu hannu. Wani ya tambayi Bassou wa ya koya masa wannan juyi.

Bassou ya ɗan yi tari. "Rabi nawa ne," ya ce. "Rabin kuma ku je gida ku durƙusa gaban masaƙa."