Karkataccen Gidan Tsuntsuwa

Mijina kafinta ne, kuma irin kafintocin nan ne da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Mu je gidan mutane gaisuwa, ina cikin hira sai in ga ya miƙe yana gyara musu hoton bango. Sau nawa ina taka masa ƙafa! Fensir kullum a maƙale a bayan kunne, tef a aljihu. In ya ishe ni Malam Ma'auni nake ce masa.

'Yarmu ta fari shekararta shida. Tsuntsuwa muke kiranta, don bakinta ba ya hutawa. Ni ce mai tara musu kayan aiki ita da ƙanwarta Auta: tsohuwar kalanda, kwalin sabulu, murafen kwalabe, guntayen yadi da gam, duk a cikin wani tsohon akwati a ƙarƙashin tebur. Da sun dawo daga makaranta sun ci abinci, sai a baje a tsakar ɗaki. Gefen firij ɗinmu babu masaka tsinke saboda zane-zanenta. Akwai kyanwa mai ƙafa biyar, akwai ni, kaina ya fi jikina girma.

Wata ranar Laraba ta zana gida a bayan kalanda. Ta fi awa guda a kife, harshe a waje, tana danna fensir har sai da ya karye sau biyu. Ƙofar gidan ta jingina hagu, taga ɗaya ƙatuwa, ɗaya kamar ramin ɓera, rufin ya zame gefe guda. Ga kuma wani tsani da ya hau har saman rufi, wai na kyanwa ne.

Ubanta na shigowa da yamma, ko takalmi bai cire ba, ta tare shi da takardar.

"Baba, kalli gidanmu!"

Ya karɓa, ya ɗan ja kai baya ya kanne ido ɗaya yadda yake duba katako.

"Kai, 'yar Baba ta yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma wannan in aka gina shi, ai kafin a shiga ya rushe. Kawo rula ki gani."

Ya zauna ya zaro fensirinsa, ya ɗauki magogi, ya bi layukanta ɗaya bayan ɗaya yana sharewa yana miƙarwa. Ƙofa ta tsaya cak, tagogi suka zo daidai wa daida. Tsanin kyanwa kuwa ya share shi gaba ɗaya. Ya miƙa mata baki har kunne, shi a dole ya yi abin kirki.

"Na gode, Baba," ta ce a hankali. Ta ajiye takardar a kan tebur ta fita.

Daga ranar yarinyar nan ba ta sake taɓa fensir don zane ba. Na jawo akwati, ta ce barci take ji. Na sayo sababbin kaloli, ta miƙa wa Auta. A mako na uku malamarsu ta tare ni a bakin ƙofar makaranta ta ce, "Lafiya kuwa? In an zo darasin zane sai ta naɗe hannu ta ce ita ba ta iya ba." Wallahi ban san lokacin da na isa shagon mijina ba.

Na same shi yana zarto. Na ajiye masa takardar a kan bencin aiki, don tun ranar na ɓoye ta a jakata.

"Ka ga aikinka, Malam Ma'auni? Ka miƙar da gida, ka karya yarinya. 'Yar da bakinta ba ya shiru, yau ita ce ke cewa ba ta iya ba!"

"Haba Maman yara, ai koya mata na yi."

"Ta ce ka koya mata? Nuna maka ta yi!"

Abokin aikinsa ya lallaɓa ya fice wai zai sayo ƙusa. Shi kuwa mijina ya ajiye zarton. Ya ɗauki takardar yana shafawa da yatsa, irin shafar da yake wa katako in yana neman inda bai yi sumul ba. Can sai na ga ya tsaya. Ya nufi ƙofa ya karkata takardar a hasken rana.

"Yana nan," ya ce.

"Mene ne yana nan?"

"Gidanta. Ta danna fensir da ƙarfi, sawun ya shiga takarda. Magogi bai kai nan ba."

Na leƙa. Ga shi kuwa, ƙarƙashin miƙaƙƙun layukansa, ƙofarta na nan a jingine, har da tsanin kyanwa. A gabana ya share nasa tas, ya fere fensir, ya bi sawun nata sannu a hankali, ba tare da rula ba.

Na ɗauka ya gama ke nan. Ashe ginawa zai yi. Ya ce kada in faɗa wa yarinyar. Kwana tara yana fama da guntayen katako tsakanin ayyukan mutane, in na kai masa abincin rana in tarar da shi da tef yana auna karkatar ƙofa, wai kada ta fi ta zane miƙewa. Sau uku yana yanka rufin, don da ya saki jiki sai hannunsa ya miƙar da shi. Abokin aikinsa har da riƙe ciki don dariya. "Shekara ashirin kana koyon miƙe layi, yau kuma karkatarwa kake koyo?" Ya ce masa, "Gwada ka gani, ya fi wuya."

Ranar Asabar da hantsi ya shigo da shi a kafaɗa, ya dire a tsakar ɗaki. Tsayinsa ya kai ƙugun yarinyar. Ƙofa a jingine hagu amma tana buɗewa lafiya lau, ƙatuwar taga da 'yar mitsitsiya, rufi a zame, tsani har sama. Auta ta fasa ihu ta ruga. Tsuntsuwa kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta yi tsuru-tsuru.

"Ka ce zai rushe," ta ce.

Ya ɗora hannu biyu a kan rufin ya danna da ƙarfinsa. Ko motsi.

"Ni ne ban duba da kyau ba, 'yar Baba."

Ta matso ta zagaya, sai ta ci birki. Bayan gidan a buɗe yake, babu bango babu komai.

"Baba, ba ka gama ba."

"To ya zan yi? Gaba kawai aka ba ni a zane. Ni kafinta ne, abin da mai zane ta zana shi nake bi. Ban san me ke baya ba, ban san ɗaki nawa ne a ciki ba. Aiki ya tsaya."

Na juya na kama goge teburin da na riga na goge. Ina jin ƙarar akwati ana jansa daga ƙarƙashin tebur, ban waiwaya ba.

"Ɗaki huɗu ne," na ji ta ce. "Ɗaya na kyanwa. Kuma akwai wata ƙofa a baya, zagayayya, ta Auta ce don ita gajera ce, kuma Mama ɗakinki ne babba saboda kanki..."

Baki ya buɗe! Ta kife a ƙasa, ta baje kalanda, ta laluba cikin akwati ba ta sami fensir mai baki ba, duk Auta ta tauna su. Ubanta ya durƙusa, ya zare na bayan kunnensa, wanda ko ni ba na taɓawa, ya miƙa mata.

Ta karɓa, ta ɗago ta kalle shi ido cikin ido.

"Amma ba za ka gyara ba."

Ya laluba aljihu ya ciro magogin, ya miƙo mini.

"Maman yara, ajiye wannan a wurinki."

Yana nan a jakata har yau. Duk baƙon da ya shigo gidan nan sai na kai shi gaban karkataccen gidan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. In ce masa 'yata ce ta zana, mijina ya gina, kuma ya duba da kyau, babu layi ko ɗaya da ya miƙe.