Alhaji Maazou Ya Ce A'a

Shekara ashirin Alhaji Maazou yana ɗauko atamfa da takalma daga sitonsa na Aubervilliers, kusa da Paris, yana kai wa masu shaguna a Lyon. Sau uku ƴan sanda suna zube masa kaya a bakin hanya, kuma duk ukun da godiya ya rabu da su.

Wannan karon Raliatou ce ke gefensa, ɗiyar ƙanwarsa da ta gama karatun shari'a a Paris, za ta fara koyon aiki wajen wata lauya a Lyon. Da azahar, suna dab da shiga gari, ƴan sanda suka ɗaga musu hannu.

Ɗan sandan ya duba permi, wato lasisin tuƙi, da takardun mota, bai ga aibi ba. Sai ya ce a buɗe baya.

Alhaji har ya kai hannu ga mabuɗi, Raliatou ta riƙe shi.

"Don me, Monsieur?" ta tambaya da Faransanci.

"An yi mana waya, an ce wannan motar tana ɗauke da kayan sata."

"Wa ya kira?"

"Bai faɗi sunansa ba."

"Kun ga wani laifi da idonku? Ko kuna da takardar izini daga mai shigar da ƙara?"



Alhaji ya sunkuyo, ya ce da Hausa, "Ke Raliatou, rufa mini asiri. A bar su su duba mu wuce. Baƙo ba ya ja da mai gari."

"Kawu, takardu haƙƙinsu ne, mun ba su. Amma wayar wanda ya ɓoye sunansa ita kaɗai ba ta buɗe motar mutum. Sai in kai ka yarda. Shi ya sa kullum suke tambayarka."

"Tambayata suke yi?"

"Ƙwarai. Kai ne ba ka taɓa jin ta a matsayin tambaya ba."

Ɗan sandan ya zagayo ta tagar Alhaji. "Kai ne mai mota, ba ita ba. Ka yarda mu duba?"

Alhaji ya zare mabuɗin, ya jefa a aljihun rigarsa.

"Non," ya ce. "Ban yarda ba."

"To za ku jira, sai na kira ofis."

"Mu jira. Daga Damagaram na zo, ba a koya mini jira ba a nan."

Suka zauna. Motoci na wucewa, ana leƙensu. Gumi ya jiƙa hular Alhaji, amma bai sauko ba, bai kuma roƙi kowa ba. Raliatou ta rubuta lokaci da lambar motar ƴan sandan a bayan wata ambulan ta wasiƙa, a fili, yadda za su gani.

Bayan kusan rabin awa ɗan sandan ya dawo, ya miƙo takardun ba tare da ya dube su ba.

"Ku tafi."

Alhaji ya karɓa, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tada mota.

Sai da suka tsallake gada Raliatou ta ce, "Kawu, ka san wanda ya kira?"

"Ina da zato. Akwai wanda cinikina ya tsone wa ido." Ya ƙara wa motar wuta. "In ya so ya sake kiransu ran Alhamis, zan sake biyo hanyar nan."